Python 3.8 a kan tsofaffin kwamfutocinmu: abin da na gani bayan zango biyu

Kwamfutoci tara ne da ni a shagon da nake koyar da yara da yamma, duk na tebur, duk 'yan Beljiyam. Bakwai suna da Core 2 Duo da ram gigabayit 2, an ɗora musu Windows 7 mai bit 32. Sauran biyun kuwa kakanni ne, Pentium 4 da Windows XP, in ka kunna su fankarsu sai ka ce injin markaɗe. Shekaru mun yi muna koyar da buga rubutu da lissafin Excel a kansu ba tare da wata damuwa ba. Da iyayen yara suka fara tambayar ko ana koyar da kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, sai na yanke shawarar gwada Python kafin in fara tunanin sayen sababbin injuna, don kuɗin ma babu su.

Ga wanda bai sani ba, Python yare ne na rubuta manhaja wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Abin da ake girkawa a kwamfuta shi ne tafintan yaren, wato manhajar da ke karanta abin da ka rubuta ta aiwatar da shi. Kyauta ake ba da shi.

Kuskurena na farko shi ne wanda kowa ke yi. Na shiga shafin python.org, na danna babban maɓallin nan da ke sama, na sauke sabon fitowa, na zuba a filas na nufi shago da ƙwarin gwiwa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya ƙi. Ashe tun daga Python 3.9 aka daina tallafa wa Windows 7; sai Windows 8.1 zuwa sama, daga 3.13 ma sai Windows 10. Wanda ke da Windows 7 iyakarsa 3.8, kuma a cikin 'yan gidan 3.8 ɗin ma, 3.8.10 na watan Mayun 2021 shi ne na ƙarshe da aka yi wa fayil ɗin girkawa na Windows. Waɗanda suka biyo bayansa ɗanyen kod ne kawai, sai ka harhaɗa da kanka. Sai ka gangara cikin jerin tsofaffin fitowa kafin ka samu 3.8.10 ɗin. Fayil ɗin bai kai megabayit 30 ba, ko da datar waya ka sauke shi ba za ka ji a jikinka ba. A kula dai, iri biyu ne: mai amd64 a sunansa na bit 64 ne, ɗayan na bit 32. Ni na biyun nake bukata.

A kan injuna huɗu ya shige kamar an shafa mai. Sauran ukun su suka cinye min Asabar guda.

Matsalar ba daga Python take ba, daga yadda aka ɗora Windows ɗin ne tun asali. Mai gyaran da ya yi min aikin shekarun baya faifai ɗaya ya yi amfani da shi, tsohon yayi, kuma injunan ba su taɓa ganin intanet ba balle su sabunta kansu. Biyu daga ciki ko Service Pack 1 na 2011, wato babban kunshin gyare-gyaren Windows 7, ba su da shi, shi kuwa 3.8 ba ya shiga sai da shi. Wannan fayil ya haura megabayit 500, nan ne na ji zafin data. Bayan shi kuma akwai wani ƙaramin faci mai lamba KB2533623, wanda mai girkawar ke dubawa ya tsaya cak idan babu. Na ukun ya karɓa, amma da na buɗe Python ɗin sai ya ce babu wani fayil mai suna api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll, facin KB2999226 ne ya warware wannan. Ana tsakiyar ɗora Service Pack a inji na biyu aka ɗauke wuta. Sai da na tayar da janareta, na zauna ina kallonsa yana warware abin da ya fara, sannan na sake daga farko. Tun daga ranar ba na fara irin wannan aiki da wutar gari.

Akwai wani ɗan akwati a ƙasan shafin farko na girkawa, wanda ke tambayar ko a saka Python a cikin PATH, wato jerin wuraren da Windows ke dubawa in ka kira manhaja da sunanta. Ba a danne yake zuwa ba, kuma ido na saurin tsallake shi. Idan ka manta, za ka buɗe baƙin allon rubuta umarni ka rubuta python ya ce bai san wannan ba, alhali yana ciki. Na manta a inji biyu. Da na gaji da danne-danne sai na koma rubuta layi ɗaya daga cikin filas:

python-3.8.10.exe /quiet InstallAllUsers=1 PrependPath=1

Da wannan yake girkuwa shiru, ga duk masu amfani da injin, har da PATH ɗin. Da na san shi tun safe da na ci abincin rana a kan lokaci.

Abin da ya fi ɗaure min kai kuwa agogo ne. Na jona waya da inji ɗaya don in sauko da pygame, ɗakin kod na ƙirƙirar wasanni, ta hanyar pip, manhajar da ke sauko wa Python irin waɗannan ƙari, ya riƙa cewa ba zai iya tantance takardar shaidar tsaron shafin ba. Na zargi layin waya, na canja sim, na zargi bairos. Can idona ya faɗa kan kusurwar allo: kwamfutar tana zaton muna 2008 ne. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, babban allon cikin kwamfuta, mai lamba CR2032, ya mutu, don haka duk sanda aka kashe ta sai kwanan wata ya koma baya. A wajenta, takardar shaidar ba ta ma fara aiki ba tukuna. Na gyara kwanan wata, pip ya tafi sumul. Washegari na sayo batira tara a wajen mai gyaran agogo na canja wa kowa.

Tun daga nan inji ɗaya kawai nake jonawa da intanet, shi ma na ɗan lokaci. Da pip download nake tara abin da nake so a jaka guda, in kwashe a filas, in bi sauran da pip install tare da --no-index da --find-links. Dalilin ba data kaɗai ba ce. An daina sabunta tsaron Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, shi ma Python 3.8 wa'adinsa ya ƙare a Oktoban 2024. Inji irin wannan gidan da ba ƙyaure ne. A bar shi a ɗaki ya fi.

To ya aikinsa? Gaskiya ya ba ni mamaki. IDLE, wurin rubutun da ke zuwa tare da shi, yana buɗewa nan take a gigabayit 2. Amma daga baya na koma Thonny, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya musamman don masu koyo. Yana nuna wa yaro yadda kod ɗinsa ke tafiya layi bayan layi, da abin da kowane suna ke riƙe da shi a lokacin. Kuma suna da wani fayil mai py38 a sunansa, wanda ya zo da nasa Python 3.8 a ciki, an yi shi ne don irin injunanmu. Na gwada wani wurin rubutun, VS Code 1.70, na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, sai injin ya koma tafiyar hawainiya. Na cire.

Duk abin da mai farawa ke bukata yana cikin 3.8. Madauki, sharaɗi, jeri, aji, karanta fayil, zanen kunkuru na turtle wanda yara ke rububinsa. Inda ake tuntuɓe shi ne darussan bidiyo na yanzu. Wata ɗalibata ta kwafo misali mai match da case daga wayarta, ta zo tana cewa, "Malam, wallahi daidai na rubuta, kwamfutarka ce ba ta da lafiya." Daidai ɗin ta rubuta, sai dai wannan salo a 3.10 ya shigo. Haka manyan ɗakunan kod, wato shiryayyen kod da ake ƙara wa Python: NumPy ya tsaya mana a 1.24, pandas a 2.0. Shi pip yana zaɓo wanda ya dace da kansa, amma in darasi ya dogara da sabon abu, sai haƙuri.

Ɓangaren da na fi jin daɗinsa shi ne Hausa. Python 3 yana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa a matsayin suna, don haka yaro zai rubuta kuɗi = 500 ko ƙauye = "Dawanau" ya yi aiki. Ranar da suka gano haka, ajin ya rikice da dariya. Tarko biyu ne a nan. Na ɗaya, kalma irin 'yan ko 'ya'ya: in aka sa ta tsakanin alamar zance mai ƙwaya ɗaya, tafinta zai ɗauka an rufe zancen, ya yi ƙorafi. Na ce musu kullum su yi amfani da mai ƙwaya biyu. Na biyu, in za a adana rubutu mai ƙ ko ɗ ko ɓ a fayil, sai ya fashe da UnicodeEncodeError, saboda tsarin haruffan da Windows ɗin Turanci ke ɗauka kai tsaye, cp1252, bai san su ba. Maganinsa ƙara encoding="utf-8" a cikin open. Yanzu na rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin bango. A baƙin allon Windows 7 kuma haruffan kan fito kamar ƙananan akwatuna, amma a Thonny suna fita tsaf.

Saura kakannin nan biyu masu XP. Iyakarsu Python 3.4.4 na ƙarshen 2015, wanda ko f-string, salon cusa ƙima a cikin rubutu, ba shi da shi, don sai a 3.6 ya zo. Ban ga amfanin koya wa rabin benci salo ɗaya, rabi wani ba. Na goge XP ɗin na ɗora Debian 12 mai bit 32, wani nau'in Linux da ke maye gurbin Windows, da fuskarsa mara nauyi ta LXDE, shi kuwa da Python 3.11 yake zuwa. Abin dariya, injunan da suka fi kowa tsufa su ne yanzu ke da tafinta mafi sabunta a shagon, kuma can nake tura mai son gwada match. Suna jan ƙafa wajen tashi, kuma sai an rubuta python3 maimakon python, amma suna aiki.

Wannan ya sa na fara tunanin mayar da sauran bakwai ɗin ma Linux, tunda Core 2 Duo na iya ɗaukar bit 64. Abin da ya riƙe ni ɗaliban safe ne, masu koyon Word da Excel don neman aikin ofis. A Windows suka saba, kuma su ke biyan kuɗin haya. Zan gwada raba faifan inji ɗaya gida biyu a hutun nan in ga yadda za ta kaya.

Ga mai irin injunana da ke son farawa gobe, in ni ne Thonny mai py38 zan fara saukewa, in tanadi Service Pack 1 da facin nan biyu a filas ɗaya, in duba agogon kowane inji kafin in taɓa komai. Filas ɗin nawa yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, na ɗaura masa jan zare don kada yara su ɗauka su zuba waƙoƙi.