Littattafai 11 suka yi wata biyu a hannunmu, ko sisi ba a karɓa ba

Rasuwar mahaifina ce ta kai mu gida ba shiri a ƙarshen Nuwamba. Cikin kwana biyu ni da 'yata muka tashi daga Miniyapolis zuwa Kano, ban ko tuna da littattafan laburare da ke ƙarƙashin gadonta ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, Hajiyarmu ta ce in tsaya arba'in. Sai a Janairu muka dawo, tsakiyar sanyin Minisota. Ina cikin shara tsintsiya ta jawo su ɗaya bayan ɗaya, har 11, duk da hatimin ɗakin karatu na Gundumar Hennepin, wadda Miniyapolis ke cikinta.

Gabana ya faɗi, don an taɓa cizona. A jihar da muka fara zama, wani laburare da ba zan kama sunansa ba ya rufe min kati a kan littattafai biyu kacal da suka makara, daga baya ma sai ga wasiƙar kamfanin karɓar bashi. Ina sabuwar zuwa, ko aiki ban samu ba. Shekara uku ban sake taka wani laburare ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To da wannan fargaba na nufi reshen Brooklyn Park. Yarinyar na rungume da jakar, dusar ƙanƙara ta manne mata a takalmi, tana ta tambayata, "Umma, ƙwace katina za su yi?" Ban saka su a akwatin mayarwa ba, na ce gara in je gaban ma'aikaciya a yi ta ta ƙare. Wata dattijuwa ce mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ta bi littattafan da na'ura, ta duba kwamfuta, ta ce tunda sun dawo ba a bin mu komai, tun 2021 suka daina cin tarar makara. Na zaci ban ji daidai ba, na shiga ba ta labarin rasuwa. Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta yi min ta'aziyya, sannan ta durƙusa ta tambayi 'yata wanne ya fi yi mata daɗi. Ta kama hanya da ita har gaban kanta, suka ɗauko ci gaban labarin. Wallahi a mota na zauna na yi kukan da ban samu yi a Kano ba.

Daga baya na bi tarihin wurin, na gane halin gado ne. Wata mata, Gratia Countryman, wadda ta shugabanci laburaren birnin Miniyapolis daga 1904 zuwa 1936, ita ta dage sai littafi ya isa ga mutanen karkara. A 1922 aka kafa na gundumar, ana loda littattafai a mota ana bin ƙauyuka da gonaki. Na birni da na gunduma sun daɗe kowa da nasa, sai a 2008 aka haɗe su, yanzu rassa 41 ne da kati ɗaya. Ka ara a nan, ka mayar a can. Babban ginin laburaren da ke titin Nicollet Mall a Miniyapolis, wanda César Pelli ya zana aka buɗe a 2006, ya isa a je gani ko ba karatu.

Amma kada a ce yabo kawai na zo yi. Manhajar Libby da nake aron littafin saurare da ita lokacin aikin dare, layin jira na ƙona min rai. Na taɓa jiran littafi guda sama da wata uku, ranar da ya iso sha'awarsa ta riga ta fita. Laifin na manyan kamfanonin ɗab'i ne, masu sayar wa laburare izinin littafin intanet da tsada, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, wani izinin ma bayan shekara biyu ko aro 26 ya mutu, sai an sake biya. Da harajin gidajen mutane ake biyan wannan, abin da ciwo.

Akwai kuma wanda ya fi damuna. Somaliyawa da 'yan ƙabilar Hmong suna da littattafai da harshensu jere a kanta, don suna da yawa kuma suna nema. Mu Hausawan nan ko fom ɗin neman a sayo littafi ba ma cikewa. Na cike guda biyu makon jiya, na kuma tura wa matan da muke haɗuwa a masallaci yadda ake yi.

Ranar Talata za mu koma, akwai masu taya yara aikin gida kyauta bayan an tashi makaranta, lissafi ne ke ba 'yata wahala tun da muka dawo.