Allin fastel a Legas: abin da za ka saya, da abin da za ka bari a kanti

Wata Asabar ƙanena ya same ni a Agege riƙe da kwalin launi da ya sayo ta intanet, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, na goga na goga, hazon nan ya ƙi fitowa." So yake ya zana unguwar Makoko da sassafe yadda ake hango ta daga gadar Third Mainland, hayaƙin masu ƙyafe kifi na kwance bisa ruwa. Ina buɗe kwalin na ga inda gizo ke saƙar: fastel mai maiƙo aka aiko masa.

Duk wanda zai sayi fastel ya fara rarrabe wannan. Mai maiƙo da kaki da mai ake haɗa shi, shi ya sa yake manne wa takarda. Mai laushi kuwa garin launi ne aka cura da ɗan ƙaro kaɗan, kamar allin makaranta yake a hannu amma ya fi shi cika da launi nesa ba kusa ba. Shi ne ke bajewa idan ka shafa da yatsa, shi ke ba da hazo da gajimare da nisan dutse. Idan kana kanti, misali a shagunan kayan zane na wajen Yaba inda ɗaliban kwalejin Yabatech ke sayayya, shafa sandar a bayan hannunka. In ta bar gari, ita ce. In ta bar santsi, mayar.

Mafi arha da za a iya aiki da shi shi ne Mungyo na Koriya ta Kudu. Don koyo ba shi da laifi, ni ma da shi na fara. Sai dai in ka ɗora launi kan launi sau uku ko huɗu, hoton yakan dusashe. Rembrandt na kamfanin Royal Talens da ke Holan yana tsakiya: akwai farar ƙasa a haɗinsa, bai cika taushi ba, ba ya saurin karyewa, yana jure jijjigar motar danfo. Sabuwar sandarsa takan zo da ɗan tauri ta waje, ka goga ta a samfefa sau biyu sai ta yi laushi. A can sama akwai Sennelier, wanda aka buɗe shagonsa a Paris a 1887, da Schmincke na Jamus, da Unison da ake murzawa da hannu a arewacin Ingila. Waɗannan kamar man shanu suke, taɓawa ɗaya launi ya zauna. Amma tsadarsu na bin dala, suna saurin ƙarewa, kuma in ɗan aike ya kawo maka su a babur kana iya tarar da wasu sun farfashe.

Ni dai ga ra'ayina: kada ka sayi babban kwali. Sayi saitin Rembrandt na rabin sanda guda 30, domin ko cikakkiya ka saya sai ka karya ta kafin ka iya shafawa da gefenta. Sannan ka ƙara 'yan ɗaiɗaiku masu taushi sosai, biyar ko shida, na hasken ƙarshe. Ka zaɓe su da idon wurin da kake zanawa. Legas garin toka-toka ne: sama mai nauyin ruwa, tafki mai launin dalma, koren Lekki mai duhu. Kwalayen arha cike suke da ja da ɗorawa masu ihu waɗanda ba za ka taɓa ba. In kuma hutun Sallah kake tafiya gida, hanya za ta nuna maka wani abu daban, baƙin Dutsen Zuma, duwatsun Jos, jan ƙasar Kano da hazon hunturu. Don waɗannan sai ka nemi ruwan ƙasa da ruwan goro da shuɗi mai haske. Yawancinmu dama zanen ƙasa da ruwa da bishiya muka fi natsuwa da shi, tunda babu saɓanin malamai a kansa irin wanda ke kan zanen mai rai.

Takarda ce inda mutane ke yin rowa, kuma nan ne bai kamata ba. Fastel gari ne, sai ya sami kaushi yake kamawa. Canson Mi-Teintes mai nauyin giram 160 ita aka fi samu. Fuska biyu gare ta, ɗaya mai ramuka kamar saƙar zuma, ɗaya mai ɗan santsi, kuma mai santsin ta fi dacewa da sararin sama. Tana cika da wuri, kuma da damina takan sha laima ta lanƙwashe. Pastelmat ta Clairefontaine, giram 360, tana da kauri kamar kwali, tana riƙe launi hawa-hawa ba tare da feshin kama launi ba. UART kuwa samfefa ce ta masu zane, daga lamba 240 mai kaushi zuwa 800 mai laushi. Tana cin alli, tana kuma cin fatar yatsa. La Carte ta Sennelier kyakkyawa ce, amma ɗigon ruwa ɗaya na ɓare fuskarta, don haka ba zan ba mai zane a bakin ruwan Badagry ko Tarkwa Bay shawarar ta ba. Da za a ce in zaɓa, gara Mungyo a kan Pastelmat da Schmincke a kan takardar banza.

Feshin kama launi yana duhunta hoto, a yi shi sama-sama ko a bar shi. Na gyaran gashi da wasu ke amfani da shi yakan sa takarda ta koma ɗorawa daga baya. Abin da ya fi shi amfani a nan shi ne firam na gilashi da aka bar tazara tsakaninsa da hoton, kuma kada a rataye shi a bangon da ke jiƙa, domin fumfuna na son ƙaron da ke cikin launin. Gilashin roba kuwa yana jawo garin ya manne masa.

Ƙanen nawa ya koma da Rembrandt da Pastelmat mai launin toka. Na haɗa masa da robar da na cika da ɗanyar shinkafa: in sandunan sun yi dauɗa ya zuba su ciki ya girgiza, za su fito fes, kuma a cikinta zai ɗauke su zuwa Kano ba tare da sun karye a hanya ba.