Zancen madarar da kika ce in aiko miki

Salamu alaikum ƙanwata, ya Jega ya zafi, ya Inna da ciwon ƙafar nan nata. Na ji saƙonki tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni, sai yanzu da yaron ya yi barci na samu zama. Kin ce hutun haihuwarki ya kusa ƙarewa za ki koma koyarwa, in sayo miki madarar jarirai ta nan Ingila ko gwangwani shida in ba mai tahowa, wai ta waje ta fi kyau. To ji yadda tawa ta kasance tukuna.

Nawa yana wata 4 na fara haɗa masa da madara saboda aikin dare. Akwai ma'aikaciyar lafiya da ke biyo mai jego har gida, ta auna yaro ta rubuta a wani jan littafi, ita ta ce kar in yanke nono lokaci ɗaya, in sauke shayarwa ɗaya in bar 'yan kwanaki sannan in sauke ta gaba, in ba haka ba nonon ya cika ya sandare har zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana uku yaron nan yana ture fida, da ya ji ƙamshina sai kuka, sai da babansa ya karɓe shi ni kuma na fice daga ɗakin sannan ya yarda.

Madara kam ga ta nan jere a shago, Aptamil, Cow & Gate, SMA, Kendamil, yawanci gram 800. Ni da ƙauyancina na ɗauko mafi tsada, ma'aikaciyar lafiyar nan ta yi dariya ta ce doka ce ta tsara abin da za a zuba a madarar jarirai, mai araha da mai tsada duk abu ɗaya suke yi wa yaro, tun ranar na koma ta kantin Aldi mai araha. Ba a ma yarda a yi tallar ta 'yan ƙasa da wata 6 ba, ba kuma a yi mata bonanza. Kuma ki sani yaron da ya koma madara zalla, gwangwanin nan da ƙyar yake kai masa sati, shidan da kike so wata ɗaya da rabi ne ya ƙare, daga nan fa? SMA ko NAN da ke kantunan Birnin Kebbi ba su da laifi, ki dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da ko an taɓa murfin.

Abin da ya fi damuna ruwa ne wallahi. Garin madarar kansa yana iya zuwa da ƙwayar cuta, shi ya sa nan ake tafasa ruwa a haɗa kafin ya wuce minti 30 da saukewa, yana da zafin digiri 70, a fara zuba ruwa sannan gari, cokalin a shafe kansa ba a tula ba, sai a huce fidar a ruwan sanyi. Wadda aka haɗa ta kai awa 2 zubarwa ake. Nan famfo ne da butar lantarki, wuta ba ta ɗaukewa. Ke kuma fa, ruwan ɗan garuwa, NEPA sai ta ga dama, ga zafin Afrilu da ke wuce 40, madara ta kwana a fida ai gudawa ce kai tsaye. Kuma don Allah kar wata ta ce ki ƙara ruwa ko ki zuba koko don gwangwani ya daɗe, yaro zai yi ta sha yana ramewa.

Ni da ina da abin da kike da shi da ban yi saurin nan ba. Makarantarku ƙofar gida take, ga Inna ga Gwaggo masu goyo, ki ba shi da asuba, ki leƙo lokacin tara, ki tatsa ki bari a ba shi da ƙaramin kofi, ya ma fi fida sauƙin wanki, ki ja shi haka ya cika wata 6. Ni nan jegona ba wankan ganye ba kunun kanwa, sai ni da bango.

Abin da zan ba mai tahowa bayan sallah fulas ne mai kyau da burushin wanke fida da ƙwayoyin Milton na kashe ƙwayar cuta a fida, a jefa a ruwan sanyi a tsoma fida minti 15, ba ruwanki da wuta. In zai dawo ki haɗo ni da daddawa da kuka, banda kilishi, ƙwacewa suke a filin jirgi.