Awa, yini ko jinga: yadda mai katafilar haƙa zai yanka farashi a Maraɗi

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya tara abin hannunsa ya sayi katafilar haƙa ta hannu, domin ta riƙa kawo masa wani abu a gefen sana'arsa, yakan tarar cewa sayen injin ya fi yanka masa farashi sauƙi. Katafilar da nake nufi ita ce mai taya huɗu, mai babban cebur a gaba da hannun haƙa a baya, irin su JCB 3CX da Caterpillar 428 da Case 580, waɗanda ake kira domin haƙa tushen gini da ramin salga da magudanar ruwa, da kuma tumɓuke kututturen itace. Hanyoyin biya huɗu ne suka fi yawo a bakin mutane: a biya da awa, a biya da yini, a yi jinga a kan aikin gaba ɗaya, ko kuma, idan sare itace ne, a ce mai injin ya kwashe icen a bakin ladarsa. Ni dai awa nake fifitawa, kuma ba ƙaramin fifiko ba.

Kowace hanya mutum zai bi, sai ya fara sanin abin da awa guda take ci daga aljihunsa. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618, kuma irin wannan injin yakan sha tsakanin lita 6 zuwa 10 a awa gwargwadon nauyin aiki da tsufan injin. Idan aka ɗauki lita 8, a wannan farashi mai kaɗai ya kusa cinye jika biyar, wato sefa 5,000. Mu ƙaddara, don misali kawai, an sayi injin miliyan 15 kuma ana sa ran zai ƙara yin awa 5,000 kafin ya nemi babban gyara. Ke nan kowace awa tana cin sefa 3,000 daga jikin injin, ko da mai shi bai ga kuɗin suna fita ba. Idan aka ware wasu 3,000 domin baƙin mai da giris da filta da tiyon da ke fashewa da haƙoran bokiti da taya, aka ƙara 1,500 na direba da yaronsa, an kai wajen 12,500 ba a ci ribar ko dala ba. Kowa ya cire lambobina ya sa nasa, amma kada ya tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan gurabe.

Akwai kuma abin da ya shafi mai yin wannan harka a gefe musamman. Inshora da kuɗin mai gadi da hayar wurin ajiya da haraji ba su san ko injin ya fita ko yana kwance ba. Idan waɗannan sun kai sefa 600,000 a shekara, wanda injinsa ke yin awa 1,200 yana ɗaukar 500 a kowace awa, shi kuwa wanda ke fita Asabar da Lahadi kawai, ya tashi da awa 300, yana ɗaukar 2,000. Saboda haka kuskure ne mai injin guda ya kwaikwayi farashin babban ɗan kwangila, balle ya karya shi da sunan neman kasuwa.

Abin da ya sa awa ta fi shi ne, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai an buɗe ta. Maraɗi gari ne mai ƙasa iri biyu. A tudu, inda garin ya koma bayan ambaliyar 1945, jigawa ce mai saurin haƙuwa amma mai saurin ruftawa, ta yadda ramin da aka auna mita biyu yakan buɗe baki ya nemi a kwashe abin da ya zubo har sau biyu. A gangaren Gulbi kuwa laka ce, wadda ke ƙeƙashewa da bazara, da damina kuma ta riƙe tayar injin ta hana shi motsi. A tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo ana iya cin karo da tsohuwar salga ko tushen ginin da aka manta da shi. Mai biyan awa shi ke ɗaukar nauyin abin da filinsa ya ɓoye, kuma haka ya dace, tunda filin nasa ne. Idan ƙasar ta yi daɗi aikin ya ƙare da wuri, shi ne kuma zai ci moriyar.

Sai dai awa ba ta tsayawa ita kaɗai sai da sharaɗi uku. Na farko, a sa mafi ƙarancin awa, uku ko huɗu, domin wanda ya kira injin ya haƙa masa ramin minti arba'in ya riga ya kashe wa mai shi rabin yini. Na biyu, kuɗin tashi daban: injin yana tafiya da ƙafarsa a kan kwalta, yana shan mai yana cin taya, don haka zuwa Tibiri ko Madarunfa ba zai zama daidai da shiga unguwar Ali Ɗan Sofo ba, kuma idan nisan ya kai a ɗora shi a babbar mota, mai aiki, wato wanda ya kira injin, shi zai biya motar. Na uku, a amince da agogon da ke cikin injin a matsayin alƙali, a ɗauki hotonsa da waya lokacin farawa da lokacin tashi a aika wa mai injin da mai aiki ta WhatsApp. Idan an tsaya salla ko cin abinci, ko injin ya lalace, a kashe shi, agogo ya tsaya. Idan kuwa jiran magini ake yi ya zo ya ja igiya, ko jiran tifar da mai aiki ya yi alkawari ba ta iso ba, wannan zama na cikin lissafi, kuma gara a faɗa masa tun kafin a kunna injin.

Biyan yini yana da amfani a babban aiki na kwanaki, muddin an rubuta cewa yini awa takwas ne. In ba haka ba za a riƙe direba daga hantsi har bayan isha'i a kan kuɗi ɗaya. Jinga ta waya, ba a je an ga wuri ba, caca ce. Auna rami da mita, a ce tsawo biyu, faɗi biyu, zurfi uku sun ba da mita kubik 12, ya dace da ƴan kwangila masu takardar zane, amma talaka mai gina gidansa ba zai yarda da awon ba, kuma ƙasar da aka tono takan kumbura ta fi ramin yawa, sai rigimar kwashewa ta taso. Karɓar ice a madadin kuɗi kuwa ban ɗauke shi ciniki ba, domin ɗanyen icen bedi ba ya sayen gazuwal a ranar.

Sare itace shi ne wurin da nake yarda da jinga, amma bayan an je an tsaya a gindin bishiyar, kuma a raba ta uku: kuɗin sara, kuɗin tumɓuke kututture, da kuɗin kwashe rassa da cike rami. Yawancin saɓani daga nan yake tasowa, domin mai gida idan ya ce a cire masa bishiya yana nufin ya dawo ya tarar da fili fes, mai injin kuwa ya ɗauka kayar da ita kawai aka ce. Tsawon bishiya ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne inda za ta faɗa. Dogon itacen turare a fili buɗaɗɗe aikin ɗan lokaci ne, amma bedin da ya girma a lungu, rassansa a kan kwanon maƙwabci da wayar lantarki ta NIGELEC, saiwarsa a ƙarƙashin katanga, sai an hau an sare shi reshe reshe ana sauke shi da igiya, kuma yana iya cin ninki uku na farashin wancan ba tare da an zalunci kowa ba. Kututturen bedi ba a fizgarsa da ƙarfi. Ana haƙa kewayensa ne a datse saiwoyin, domin fizga takan tsage katanga ko ta lanƙwasa abin da gyaransa ya fi kuɗin aikin. Shi ma wannan jingar, a zuci da awa ake lissafa ta, sannan a ɗora ladar mai hawa da man injin sara.

Batun izini ba abin wasa ba ne a wannan jiha. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yunin 2004 ta tanadi kariya ga wasu itatuwa, kuma gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, yana kan gaba a cikin waɗanda ba a taɓawa sai da takarda. A ƙasar Maraɗi ne aka fara farfaɗo da sassaben zamani a shekarun 1980, inda manoma ke barin tohon itace a gonakinsu, saboda haka ma'aikatan gandun daji da su kansu mutanen ƙauye suna sa ido sosai. Shawarata ita ce mai fili ya nemo izinin da kansa, da sunansa, ya biya abin da aka yanka masa, mai injin kuma ya ga takardar da idonsa kafin ya tashi daga gida. Idan aka kama ana aiki ba izini, injin da ake gani a wurin shi ake fara riƙewa.

Yanzu sai masu cuta, waɗanda a ganina sun fi mugun farashi kashe wannan harka. Na farko dillalin da ba a san shi ba, wanda zai je wa mai gida a matsayin mai injin, ya karɓi kafin alƙalami, sannan ya zo wa mai injin a matsayin wakilin mai gida ya sa a fara aiki. Wani ya taɓa yi mini haka a wani aikin tushen gini, aka tashi da yamma mai gida na rantsuwa ya biya rabi, ni kuma ko kuɗin mai ban gani ba, mutumin kuwa wayarsa a kashe. Tun daga nan ba na barin injin ya motsa sai na yi magana da mai filin baki da baki, la'adar dillali kuma a bayyane take, daga hannuna take fita bayan an biya. Rabin kuɗin da aka ƙiyasta ya shigo hannu ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana kafin injin ya tashi daga gida, kuma saƙon da aka turo a waya ba kuɗi ba ne sai an je an karɓa, domin ana ƙirƙirar irinsa.

Na biyu yana cikin gida. Mai sana'ar gefe ba ya wurin aiki, direba kuwa yana can da injin da tanki cike. Akwai mai zuƙe gazuwal da tiyo ya sayar, akwai mai cire wayar agogo ya yi wa maƙwabcin mai aiki awa biyu ya sa a aljihu, akwai kuma mai haɗa baki da mai aiki a rage awa a raba. Maganin duka ɗaya ne: a riƙa gwada litar da aka zuba da awar da agogo ya nuna a ƙarshen kowane mako. Injin da aka san yana shan lita 8 ba zai wayi gari yana shan 13 ba sai da dalili, ko a wurin makanike ko a wurin direba. Kuma direban da ake ba wani kaso a kan kowace awa, bayan albashinsa, ba ya son agogo ya tsaya.

Na uku jabun kaya. Kusancinmu da iyakar Ɗan Isa ya sa an saba da man bakin hanya, amma gazuwal ɗin jarka da aka gauraya da kananzir ko ya sha ruwa yana lalata famfon mai da allurai masu fesa shi, gyaran da zai cinye ribar watanni. Haka filta da man haidurolik da ake zubawa a tsohon galan mai suna a sake liƙe bakinsa. Injin sara mai ɗauke da sunan Stihl da ake tallarsa a kashi ɗaya cikin huɗu na farashin na gaske, launinsa kawai ya ɗauko. Sarƙarsa kan tsinke a tsakiyar aiki, ga mutum a saman bishiya. Araha ba ta ado, kuma wanda ya yanka farashinsa a kan man jarka da jabun filta ya gina lissafinsa a kan abin da ba zai ɗore ba. Takardar izinin sare itace ma ana kawo ta jabu, ko ta wata bishiya a wani fili, don haka a karanta suna da wuri da irin itacen da aka rubuta.

Farashi a yanka shi da sefa, a rubuta lambar ƙarara, ko da mai aiki daga Jibiya ko Katsina yake zai biya da naira. Sai a canza a kan farashin ranar biya, domin naira kan sauya tsakanin ranar ciniki da ranar gama aiki. Wanda ke son aikin ma'aikatar magajin gari ko na ƙungiyoyi zai buƙaci lambar haraji ta NIF, ya kuma tuna cewa harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan farashi ake ɗora shi, ba daga cikin riba ake cire shi ba, kuma irin waɗannan wuraren sukan jinkirta biya, sai a sa hakan a lissafi. A takardar yarjejeniya, ko da rabin shafi ce da shaidu biyu, a rubuta cewa mai fili ne zai nuna inda bututun ruwa da wayar ƙarƙashin ƙasa da iyakar maƙwabci suke, kuma abin da bai nuna ba idan ya fashe, shi zai gyara. Ɗan uwa ko aboki idan ya nemi ragi, a rage masa daga ribar, a bar kuɗin mai da na direba da rabon gyaran injin yadda suke.