Faifan a-ha guda uku da na sayo a gwanjo a Oslo

Jama'a sati uku kenan da na sayo faifan garmaho guda uku na a-ha, ƙungiyar mawaƙan ƙasar Norwe, a wani shagon gwanjo da ke unguwar Grünerløkka nan Oslo, na ce ba zan ce komai a kansu ba sai na saurare su safe da dare tukuna. Su ne Hunting High and Low na 1985, da Scoundrel Days na 1986, sai East of the Sun, West of the Moon na 1990. Kurona 400 na biya duka ukun, a tsadar garin nan wallahi ba laifi.

Na farkon ya sha jiki, kwalinsa duk ya ƙoƙe ta gefe, kuma akwai ƙarzuwa daidai kan waƙar Take On Me, allura na zuwa wajen da mawaƙinsu Morten Harket ke ɗaga murya sama sai ta yi tsalle ta koma baya. Dattijon mai shagon bai ɓoye min ba, shi da kansa ya ɗaga faifan a hasken fitila ya nuna min layin da yatsa. Na biyun lafiya lau, ɗan ƙara ne kawai a farko. Amma na ukun, kai, kamar yau aka fito da shi daga kamfani, ko tabon yatsa babu. Na tambaye shi dalili, sai ya yi shiru ɗan lokaci, ya ce ai duka ukun nasa ne na gida. Na farkon a wajen shagali ya ƙare, lokacin kowa na da kuɗi a aljihu, na ukun kuwa ya saye shi ne a shekarar da ba ya iya barci saboda bashin gida, sau biyu ko uku ya ɗora shi ya ajiye.

To daga nan hira ta ɓalle, kusan awa ɗaya ina tsaye da jakata a kafaɗa. Ya ce da can gwamnatin Norwe ce ke ƙayyade wa bankuna iya bashin da za su bayar, in kana son bashin gida sai ka daɗe kana ajiya kana jiran layi. Gwamnatin Kåre Willoch da ta hau a 1981 ta fara sassauta dokar farashin gidaje, a 1984 kuma ta cire wa bankuna wannan takunkumin. Matsalar ita ce an buɗe ƙofa amma ba a taɓa dokar haraji ba, duk kuɗin ruwan da ka biya ana cire maka shi daga abin da za a yi maka haraji a kai, ga hauhawar farashi na cinye bashin da kansa, wato wanda bai ci bashi ba shi ne ya yi asara. Bankuna suka yi ta buɗe rassa suna bin mutane har gida da tayin rance. Su nan suna kiran shekarun jappetida, zamanin samari masu kwat da motoci masu sheƙi da cin abinci a manyan wurare da kati. Dattijon nan a 1987 ya sayi gidansa, daidai lokacin da farashi ya kai ƙololuwa.

In ka ɗora Hunting High and Low da wannan labarin a kanka, wallahi sai ka ji zamanin a cikin sautin, komai sumul, komai na walƙiya, gangar na'ura na gudu kamar ana kora ta. Ba ina cewa bashin banki ne ya yi a-ha ba fa, kar a fahimce ni a baibai. Yaran nan uku, Morten da Magne Furuholmen da Pål Waaktaar, sun haɗu a 1982 suka tattara suka tafi Landan, suka sha wuya a can, har Take On Me da aka fara saki a 1984 ba ta je ko'ina ba a wajen Norwe sai da aka sake ɗaukarta tare da furodusa Alan Tarney, aka yi mata wani bidiyo na zanen fensir, sannan ta hau lamba ɗaya a Amurka a Oktoban 1985. Guminsu ne. Amma dai nasararsu ta faɗo daidai lokacin da ƙasarsu mai mutum miliyan huɗu da 'yan kai ke jin cewa babu abin da ya fi ƙarfinta, ga mai a teku, ga kuɗi a banki, ga 'ya'yanta a saman duniya.

Ni dai faifan da ya kama ni shi ne na biyun. Pål da Magne ai asalinsu 'yan rok ne, suna da wata ƙungiya Bridges tun kafin a-ha, kuma a Scoundrel Days ne ka fara jin abin da ke ransu na gaskiya. I've Been Losing You ganga ce mai nauyi da duhu, ba waƙar rawa ba ce ko kaɗan. Manhattan Skyline kuwa tana farawa a hankali kamar mai rarrashin yaro, ba zato sai jita ta fashe, ranar farko sai da na tashi na rage ƙara saboda maƙwabta. Faifan ya fito a ƙarshen 1986, shekarar da farashin mai ya faɗi ƙasa da rabi, gwamnatin Willoch ta sauka, Gro Harlem Brundtland ta hau ta karya darajar kurona a watan Mayu. Daga nan abin ya yi ta gangarowa, kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1987, ƙananan bankuna suka fara durƙushewa a 1988, gidaje suka yi ta faɗuwa shekara bayan shekara, zuwa 1991 sai da gwamnati ta karɓe Christiania Bank da Fokus Bank gaba ɗaya, masu hannun jari suka tashi a tutar babu, Den norske Bank ma kuɗin gwamnati ne ya tsayar da shi. Dattijon ya ce a 1992 ko ya sayar da gidan ba zai biya abin da ake bin sa ba.

Abin ya taɓa ni sosai domin mu ma a Najeriya mun ga irinsa, 1986 ɗin nan ce Babangida ya kawo SAP, wato shirin sauya fasalin tattalin arziki, bankuna da kamfanonin ajiya suka fito kamar farin ɗango, Babanmu Allah ya jiƙansa ya sa kuɗin sallamarsa a wani daga cikinsu a Kano, har ya rasu bai ga ko sisi ba. Na ba dattijon labari, ya girgiza kai, ya ce su aƙalla masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba.

Na ukun shi na fi ɗorawa yanzu da dare in na dawo daga aiki. Yana buɗewa da Crying in the Rain, tsohuwar waƙar Everly Brothers, da ƙarar ruwan sama da tsawa, sai fiyano da jita na gaske, muryar Morten ta sauko ƙasa ta natsu. Akwai waƙa biyu a bayan faifan da nake jin sun yi tsawo, ba ƙarya, kuma bai yi kasuwar na farkon ba. Amma bayan fitowarsa da 'yan watanni, a Janairun 1991, mutum 198,000 ne suka biya kuɗi suka cika filin Maracanã a Rio don kallonsu, daidai shekarar da bankunan ƙasarsu ke zubewa.

Wanda zai saya, shawarata ya fara da Scoundrel Days, ya bi da na 1990, kuma in gwanjo ne ya sa a ɗora masa a shagon ya ji da kunnensa. Na farkon da ya ƙarzu na so in mayar a canja min, amma da na tuna yadda dattijon ya riƙe shi da hannu biyu sai na fasa, yana nan jingine jikin tagar ɗakina. Asabar mai zuwa zan koma, ya ce zai duba min Memorial Beach na 1993 ko da a CD ne.