Mun je kallon ruwan Timiya, jagoranmu ya shayar da mu esansi

Yau kwana 9 da dawowarmu Tahoua, sai yanzu zuciyata ta sauka har na iya zama in rubuta wannan. Mun je ne kallon ruwan da ke zubowa daga dutse a Timiya. Ba zan ambaci sunan jagoranmu ba. Ɗaya ne daga cikin masu tallar kai mutane duwatsun Abzin a Facebook, kuma duk wanda ya taɓa tambaya ya san farashin da suke yankawa, ba sai na maimaita ba. Mu uku muka yi karo-karo muka biya: ni, da ƙanena, da wani abokin aikina. Saƙon muryar da ya aiko mini kafin mu tashi yana nan cikin wayata, jiya ma na sake saurarensa: "Maigida, kada ku ɗauko komai. Ruwa da abinci duk a wuyana."

Hanyar Tahoua zuwa Agadas ba sai na faɗa wa kowa halinta ba, kilomita wajen 400 ne amma kafin ka wuce Abalak ƙugunka ya fara ba ka labari. Daga Agadas zuwa Timiya kuma fiye da kilomita 200 ne cikin katkat, ta Elmeki, dutse da rairayin ƙorama, yini guda cur. Direban dai ba ni da abin cewa a kansa, Allah ya saka masa. Mun kwana cikin gari. Ƙarshen Satumba ne, lokacin da a gida muke kwana tsakar gida muna fifita, amma can sai da na nemi bargo kafin asuba. Garin yana sama da mita 1,000 daga matakin teku, Tahoua kuwa ba ta kai 400 ba.

Da safe jagoran ya ce hanya biyu ce. Ko dai mu bi ƙorama a saukake, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, ko kuma mu hau dutse mu zagaya, mu ga garin daga sama, sannan mu gangaro wajen ruwan da azahar. Shi ya yi ta zuga mu kan ta biyun, wai ita ce ta maza. Muka biye masa. Ƙarfe 7 muka kama hanya, shi a gaba da wayarsa, wani yaro ɗan shekara kamar 14 a baya da bido ɗaya a kafaɗa da buhun kayan abinci.

Hawan ba wasa ba ne. Baƙaƙen duwatsu ne masu kaifi, wasu ka taka su juya ƙarƙashin ƙafarka. Mu ƴan Adar muna taƙama mun san dutse, ashe tsaunin gida ɗan tudu ne. Ban yi awa ɗaya ba na fara haki, ƙanena yana bayana yana cewa, "Yaya, ba laifin iska ba ne, tumbin nan ne." Da muka kai wani ƙoƙo muka waiga, gaskiya na manta da hakin. Ga gonakin Timiya sun miƙe kamar koren zare a bakin ƙorama, dabinai da itatuwan lemu, ga tsohon barikin Faransawa da ake kira Fort Massu zaune kan tudu yana kallon gari. Har nan da a ce an tambaye ni, tauraro biyar zan ba shi.

Wajen ƙarfe 11 rana ta fara dukan dutse, dutse yana dukanmu. Ƴan buteli biyu da muka ɓoye cikin jaka duk da maganarsa sun ƙare tun ƙarfe 9. Na ce wa yaron ya sauke bido. Irin ruwan ɗorawan nan ne, na lita 10, an naɗe shi da tsumman buhu an jiƙa don sanyi. Abokina ya riga kowa, ya kafa baki ya yi ƙwat ƙwat sau uku, sai ya tsaya, idonsa ya fito. Ya furzar. Na karɓa na kai hanci bakin bidon. Esansi. Ba wai ɗan ƙamshi-ƙamshi ba, wari sosai irin na gaban mai sayar da na kwalba a bakin titi. Na tsiyaya kaɗan cikin murfi, sai ga maiƙo yana yawo a sama, mai launi-launi idan rana ta haske shi.

Na kira jagoran. Ya sauko daga kan dutsen da yake ɗaukar hoton kansa, ya shinshina, ya ce, "Maigida, wari ne kawai, an wanke shi da omo har sau biyu." Na ce to bisimilla, sha. Ya yi dariya ya ce shi ba ya jin ƙishirwa, su mutanen daji ne. Wannan dariyar ita ce ta fi ƙona mini rai, har yanzu in na tuna sai wuyana ya ɗaure. Duk wanda ya taɓa riƙe moto ya san robar da ta ɗauki esansi ba ta sake zama ta ruwan sha, roba tana shanye shi, ko da buhun omo ka wanke. Yaron ne daga baya, da maigidansa ya yi gaba, ya raɗa wa ƙanena cewa bidon na injin ban-ruwa ne, da asuba aka ɗauko shi saboda an bar na ruwan a Agadas. Wato jagoran ya sani tun kafin mu ɗaga ƙafa. Ya san da haka ya zaɓa mana doguwar hanya.

Abokina ya yi ta gyatsar esansi, kansa ya ɗau ciwo, muka zaunar da shi a ƴar inuwar wani dutse da ba ta fi faɗin tabarma ba. Babu rezo. Komawa baya awa huɗu, ci gaba kuma jagoran ya ce "nan ne kusa", kalmar da na daina yarda da ita tun ƙarfe 8. Miyau ya ƙafe a bakina har harshe yana manne wa ganɗa. Na yi ta tunanin abin da zan faɗa wa matar abokina, wadda ta raka mu tasha tana cewa, "Malam, amana ce fa."

A gangare muka ci karo da wani dattijo Ba'abzine da jakinsa. Hausarsa kaɗan ce, amma da ya dubi fuskokinmu bai tsaya tambaya ba, ya kwance salka daga ƙarƙashin cikin jakin. Ruwa mai sanyi, mai ɗan warin fata, ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Ya ciro rumman biyu daga mangala, ya fasa da hannu, ƴaƴan jajir. Na miƙa masa jika biyu ya ture hannuna, na ce, "Baba, don Allah," ya girgiza kai ya kora jakinsa.

Ruwan kansa kuwa, gani ya kori ji. Kafin ka gan shi za ka ji sanyinsa a fuska. Yana zubowa ta wata tsaga tsakanin baƙin dutse ya faɗa cikin tafki a ƙasa, kuma da yake damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, da ƙarfinsa muka same shi. Mutanen gari sun ce da rani yakan ragu sosai, don haka mai son zuwa ya lura da wata. Na tsunduma ƙafa, minti ɗaya na janye don sanyi. Muka yi alwala muka yi azahar kan wani falalen dutse. Yaron ya haɗa wuta, ya kwaɓa fulawa ya binne cikin rairayi mai zafi da garwashi, ya tono gurasa ya kakkaɓe ya wanke ta, ya marmasa cikin miyar tumatir da albasa. Ga cuku, ga shayi har zagaye uku. A nan zuciyata ta yi laushi, na ce a raina ɗan Adam ajizi ne, a bar kaza cikin gashinta. Har hoto na yarda muka ɗauka tare da jagoran, hannuna kan kafaɗarsa.

Da muka komo Agadas, ina sauke jakata, sai ya jawo ni gefe ya ce akwai ƙarin jika 15, wai esansi ya yi tsada a hanya. Na ce, "Wane esansin, wanda mota ta sha ko wanda muka sha?" Direba ya juya baya yana dariya. Shi ko a jikinsa, ya tsaya kan kuɗinsa, har da cewa ai ba abin da ya samu kowa. Ƙanena ne ya biya don kada mu rasa motar Tahoua, ni da ba zan ba da ko dala ba. Kuma ko sau ɗaya, daga kan dutse har tasha, kalmar "ku yi haƙuri" ba ta fito daga bakinsa ba.

Tauraro biyu na ba shi, kuma duk ba nasa ba ne: ɗaya na direba, ɗaya na yaron da ya gasa gurasa. Jagoran ya ce mu dawo da sanyi lokacin lemu, ya kai mu Bagzam, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022. Ƙanena har ya fara lissafin hutu. Na ce masa in za a je, bidona zan cika daga pampon gidanmu, lita 3 kowane mutum a jakarsa, kuma jagora a cikin Timiya za mu nema. Hotunan da ya ɗauke mu da wayarsa har yau bai turo ba, sai dai shekaranjiya na ga namu na bakin ruwa a shafinsa, hannuna kan kafaɗarsa, ya rubuta a ƙasa wai baƙinsa na Tahoua sun ji daɗi.