Photopea: in zagayen hoto kake so ba tare da ka biya ko dala ba

Masu tambaya ta wace manhaja ce ta fi sauƙin maida hoto mai kusurwa huɗu ya koma zagaye ba tare da an biya ba, amsata guda ce, Photopea, in dai kana da kwamfuta ko za ka iya leƙawa siber. Ba saukewa ake ba, a cikin Chrome ko Firefox kake buɗe ta, kuma ba sai ka yi rajista ba balle a ce kawo kati. Wani matashi ne Ivan Kutskir ya haɗa ta a ƙasar Cek, ta fito tun 2013, kuma duk wanda ya taɓa Photoshop zai ga kamar gidansu ya shiga, har fayil ɗin PSD, wato na Photoshop, tana buɗewa. Ga mu nan Maradi abin daɗin shi ne ana iya juya ta zuwa Faransanci.

Aikin kansa bai kai minti biyu ba. Ka buɗe hoton, ka ɗauki abin zaɓe mai siffar ƙwai, shina ɓoye ƙarƙashin mai kusurwa huɗun nan a gefen hagu, sai ka danne Shift kana ja. Shift ɗin nan hwa kar ka sake shi sai ka saki linzami, in ba haka ba fuskar mutum za ta fito cikin ƙwai maimakon zagaye. Daga nan Ctrl da J, zagayen ya koma shafi (layer) nasa daban a saman hoton asali, ka danna ɗan idon da ke kusa da shafin ƙasa don ya ɓoye, sai ka ga kusurwoyin sun zama ƴan dara-dara fari da toka. Mutane da yawa nan suke tsorata su ce hoto ya lalace, alhali alama ce ta cewa wurin ba komai.

To inda ake faɗuwa wajen ajiyewa ne, kuma nan nake so a saurara da kyau. Fayil ɗin hoto ba ya taɓa zama zagaye, kullum kusurwa huɗu ne, dabara ce kawai ake yi a bar kusurwoyin wayam yadda duk abin da ke baya zai bayyana. JPG bai san wannan ba, in ka ajiye da shi sai ya cike maka wurin da fari, ka ɗora a kan afish mai launin kore ka ga farin akwati ya kewaye kan ango. PNG za ka zaɓa. Kuma a nan ne Photopea ta burge ni, don Canva ma, wata manhajar zane ta intanet, tana da zagayen da kake jefa hoto ciki shi zauna daidai, ta ma fi sauƙi gaskiya, amma da ka zo sauke shi ba bango sai ta ce sai mai Pro, wato sai ka biya. Photoshop kau tun 2013 ya koma na biyan wata-wata.

Sai batun WhatsApp. Ka gama aikinka tsaf, ka tura wa mai buga sitika a matsayin hoto, WhatsApp ya matse shi ya maida shi JPG, kusurwoyi su dawo, sannan a hau gardama wa ya ɓata aiki. Ka tura shi a matsayin dokiman, shi ke nan. Wanda kuma hoton profil kawai yake so kar ya wahalar da kansa, WhatsApp da Facebook su ke zagaye shi da kansu, kai dai ka sa fuska tsakiya.

Waɗanda abin ga zai fi yi wa amfani su ne mata masu saida yaji, turaren wuta da man gyaɗa, da ke son tambari a kan murfin roba. Hajiya in sitikarki santimita 5 ce, hoton ya kai wajen piksel 600 kowane gefe, ƙasa da haka rubutun lambar waya sai ya fito dishi-dishi. Ki kuma bar ɗan fili a baki don almakashi ba ya bin layi daidai, na sha ganin robar yaji da aka yanke rabin sunan mai ita.

Aibinta? Talla tana cin gefen dama na allo, a ƙaramar kwamfuta abin na takura. Buɗewar farko sai da rezo, amma in ta riga ta buɗe aikin a cikin injinka ake yin shi, hoton ba ya tahiya ko'ina, ko mega ta ƙare kana iya ci gaba muddin ba ka rufe shafinta a Chrome ko Firefox ba. A portabul kuma tana buɗewa amma ban ba kowa shawara ba, maɓallan ƙanana ne ƙwarai, ga babu Shift, yatsa shina taɓa abu biyu lokaci guda. Mai waya kaɗai gara ya tsaya ga PixelLab ɗin da yaran fada suka saba da ita, shi ma dai ya tuna ya cire bango ya ajiye da PNG.